Shekarar da Aka Hana Sahabi Ruwa

Samarin da ke zuwa rumfata a bakin ruwan Yauri, kallo ɗaya suke yi wa jirgin da nake haɗawa su ce ai ƙusa ce da katako. To, na ji, ƙusa ce da katako. Ku ɗauka ku haɗa, ku zuba matan Wara a ciki da buhunan shinkafarsu da goyonsu ranar kasuwa, ku shiga tsakiyar tabki iska ta same ku, sannan ku dawo mu yi maganar. Wanda ya yi rufin ɗaki ya kuskure, ruwa ne zai jiƙa tabarma. Wanda ya haɗa jirgi ya kuskure, gawa za a nema.

Ni a hannun Baba Gado na koya, Allah ya jiƙansa. Mutumin tsibiri ne, cikin waɗanda ruwan dam ya tasa daga garuruwansu, kuma har ya rasu bai daina nuna mana tsakiyar ruwa yana cewa ga inda tsamiyar gidansu take ba. Da na je wurinsa bai ba ni zarto ba, bai ba ni gizago ba. Tsofaffin ƙusoshi ya zube mini ya ce in miƙar da su a kan dutse. Na yi ta miƙarwa har na fara tunanin ko sana'ar ke nan. Daga baya ya bar ni in riƙe katako yana yanka, daga nan ya nuna mini yadda ake jiƙa katakon gefe a kanga shi a wuta a hankali har ya yarda ya lanƙwasa. Katako yana da zuciya. In ka matsa masa zai yi shiru ya bi ka, sai jirgi ya yi wata biyu a ruwa ya tsage maka a inda ba ka zata ba.

Amma duk wannan rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne liƙi. Duk inda katako ya haɗu da katako akwai tsaga, ko da idonka bai gan ta ba. Sai a cusa auduga ko zaren tsohon buhu da bakin ƙarfe, a bi da langa-langa a kafe, a narka kwalta a tukunya a shafe. In an gama, al'adarmu ce wanda ya yi liƙin shi ne farkon shiga. Za a tura jirgin ruwa, ya zauna a ciki shi da matuƙi, ya bi kowace gaɓa da tafin hannu yana neman danshi. Mai jirgi ba ya karɓar kayansa sai mai liƙi ya fito ya ce ya yi.

A rumfarmu wannan aikin Sahabi ne. Tare muka taso a hannun Baba Gado, na girme shi da kaɗan, shi ya sa yake ce mini Yaya. Da Baba Gado ya rasu rumfar ta dawo hannuna, Sahabi ya zauna inda yake, kamar ba abin da ya canja. Bakin ruwa kaf an san shi da Sahabi mai kwalta.

Mutum ne da sai ka zauna da shi za ka gane kansa. Ba ya kallon idon kowa. In ka gaishe shi zai ce lafiya sau ɗaya, in ka ci gaba da jero gaisuwa, ina gajiya, ina gida, ina iyali, sai ka ga ya koma kan aikinsa ya bar ka da bakinka. Abincinsa shinkafa da wake, yau da gobe, in an kawo masa wani abu sai ya kwana da yunwa. Kayan aikinsa a jere suke a kan buhu, kowanne da wurinsa, kuma wanda ya taɓa su ya jawo mana ranar banza, don Sahabi zai tsaya yana kaɗa hannu yana gunaguni har sai an mayar. Da injin jirgi ya yawaita a bakin ruwa, duk sanda aka ja igiya ya tashi sai ya toshe kunnuwa ya duƙa. Ban ce rayuwarsa zuma ce ba. Yara sun tsokane shi, manya sun kira shi wawa a bayan ido, kuma ba gidan da ya taɓa yi masa tayin 'ya. Amma in ya kwanta a ƙarƙashin jirgi ya kara kunne a katako yana ƙwanƙwasawa da 'yar gudumarsa, kowa shiru yake yi. Abin da mutane ke cewa kawai shi ne halinsa ne, haka Allah ya yi shi.

Akwai wani jirgin fasinja da wani mutumin Shanga ya kawo mana gyara, ya sha hannun masu gyara har ya gaji, kullum da safe sai ya tarar da ruwa a ciki. Na duba ban ga komai ba. Sahabi ya wuni yana bin jirgin da farcen babban yatsa, bai ci ba bai sha ba, sai wajen la'asar ya tsaya a kusa da hancin jirgin ya ce, "Nan." Muka ɓamɓare, sai ga ƙusar da ta yi tsatsa ta cinye katakon ta ciki. Mai jirgin ya kama hannunsa zai yi godiya, Sahabi ya fizge ya tafi wankin tukunyar kwalta.

A gefen rumfarmu akwai Hajo mai abinci, ita ke dafa masa shinkafa da waken. Tana da ɗa, Nasiru, da ya isa shiga makaranta amma bai taɓa furta kalma ba. Yakan buga kansa da bango, ya ciji hannunsa, kuma lokaci lokaci farfaɗiya ta kayar da shi. Sau ɗaya ta kayar da shi a bakin ruwa, Allah ya sa masunta na kusa. Abin da matar nan ta gani, ba na fata maƙiyina ya gani. Dangin mijinta sun ce ta yi wanka a kogi da tsakar rana tana da ciki, mutanen ruwa, wato aljanun kogi, suka musanya mata ɗa. An yi masa hayaƙi har idonsa ya kumbura. An ɗaure shi an doke shi wai ana korar abin da ke jikinsa. Har wata tsohuwa ta fara zancen a kai shi bakin ruwa a ajiye a juya baya, ya koma inda ya fito. Hajo takan zo da shi ta ɗaura masa zane a ƙugu ta haɗa da ƙafar teburinta, tana zuba abinci tana share hawaye da gefen mayafi.

Abin mamaki, yaron nan in ya kuɓuce wurin Sahabi yake zuwa. Ba sa magana, ba sa kallon juna. Ya zauna yana kallon hannun Sahabi yana cusa auduga, sai ka ga ya lafa.

A shekarun farko bayan an ba mu jihar Kebbi, aka turo wani matashin likita asibitin gari, aka ce ya san ciwon yara irin wannan. Hajo ta ce za ta kai Nasiru. Matsalar ita ce yaron ba ya shiga mota sai da ihu da cizo, sai in Sahabi na gefensa. Shi kuma Sahabi ba ya zuwa inda bai sani ba sai da ni. Haka muka rufe rumfa muka tafi mu huɗu.

Likitan mutumin kirki ne, wannan ba zan ɓoye ba. Ya zauna a ƙasa kusa da yaron, ya yi wa Hajo tambayoyi da haƙuri. Da ya gama ya ce mata, "Baiwar Allah, ba aljanu ba ne, kuma ba abin da kika yi. Haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa, akwai yara irinsa ko'ina a duniya, kuma abin yana da suna." Ya faɗi sunan da Turanci. Ya ba da maganin farfaɗiyar, ya ce a daina duka da hayaƙi, kuma saboda faɗuwar da yake yi a nisanta shi da ruwa da wuta.

Hajo ta ce, "Likita, to zai zama mutum?"

Duk wannan lokacin likitan yana lura da Sahabi, wanda ya toshe kunne saboda ƙarar fanka yana kallon kusurwar ɗaki. Ya tambaye ni labarinsa, na ba shi, har da na jirgin mutumin Shanga, don ni a ganina yabo nake yi. Sai ya juya wurin Hajo yana murmushi ya ce, "Kin ga wannan bawan Allah? Ina kyautata zaton shi ma cikin wannan dangin yake. Abin faɗi gare shi, wani ya yi masa nauyi, wani sauƙi. Ga shi da sana'arsa, mutane na nemansa. Kada ki yanke ƙauna."

Na ga fuskar Hajo a lokacin, kuma ban taɓa ganin ta haka ba. Tun a mota take dariya ita kaɗai. Da muka iso bakin ruwa ba ta ko kunce mayafi ba ta fara shela. "Ku taho ku ji! Ba mutanen ruwa na ba, ciwo na, likita ya hwaɗi! Irin na Sahabi na, ɗana zai yi sana'a kamar Sahabi!"

Sunan Turancin bai zauna a bakin kowa ba. Yanzu nakan ji rediyo na ce masa galahanga, amma mu a lokacin ciwon Nasiru muka sa masa. Kuma gaskiya sunan ya yi wa Nasiru rana. Mijin Hajo ya kori masu hayaƙi. Tsohuwar nan ta rufe bakinta. Maganin ya rage faɗuwa, yaron ya yi ƙiba, har ya koyi nuna kofi in yana jin ƙishi. Duk wanda ya ce mini sanya wa abu suna ba shi da amfani, zan kai shi gidan Hajo ya faɗa a gabanta in ya isa.

Sai dai labarin ya shiga bakin ruwa da ƙafa biyu. Ƙafa ɗaya ta ce Sahabi ciwon Nasiru gare shi. Ɗayar ta ce likita ya hana mai ciwon Nasiru ruwa da wuta. Mu kuwa mutanen kogi, tun kakanni, wanda ke faɗuwa ba ya shiga jirgi, ba ya zama kusa da murhu, domin mun binne waɗanda suka gwada. Ba wanda ya tsaya ya raba farfaɗiyar da sauran. Aikin Sahabi kuma ba komai ba ne sai wutar kwalta da shiga ruwa.

Ga shi shekarar ta zo da muni. Kainuwa ta sauko daga saman kogi ta rufe bakin ruwa, har ka rantse fili ne ka taka. Taru ya riƙa kamo ciyawa, inji na shaƙewa, masunta suka ja jiragensu tudu suka kife. Wanda bai shiga ruwa ba ba ya gyara, balle ya sa a haɗa masa sabo. Muka yi ta zama a rumfa muna kallon juna. Babban aikin da muka samu a shekarar na wani mai jigilar fasinja ne daga Wara, jirgi ne dogo mai ɗaukar inji. Muka zuba masa duk abin da muka iya. Ranar gwaji Sahabi ya naɗe wando zai shiga, sai mai jirgin ya tare shi da hannu.

"Malam Isa, wanga ba ya shiga jirgina."

Na ce, "Shi ya liƙe shi, Alhaji. In bai shiga ba wa zai ce ya yi?"

"Ka shiga kai. An ce ciwon ɗan Hajo garai. In ya hwaɗi cikin jirgina tun bai ɗauki kowa ba, wace mace ta Wara za ta ƙara sa ƙahwa ciki?"

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya. Na ce mutumin nan tun kafin a yi wa Alhajin kaciya yake shiga ruwa, wa ya taɓa ganin ya faɗi? Na kira dattawan bakin ruwa su yi shaida. Suka yi shaida cewa ba su taɓa gani ba, sannan babbansu ya ce, "Ba mu gani ba, Isa, amma da ba mu sani ba. Yanzu likita ya hwaɗi. In wani abu ya hwaru, mi za mu ce?" Na ce ai farfaɗiyar yaron likitan yake nufi. Suka ce to ai ciwon guda ne, shi da bakinsa ya ce guda ne.

Ni na shiga jirgin. Na bi gaɓoɓin da hannu yadda na iya, ina jin Sahabi daga tudu yana ta maimaitawa, "Yaya, hanci. Yaya, duba hanci." Yana tsaye daidai inda ruwa ke taɓa yashi, wandonsa a naɗe.

Washegari na koma asibiti in roƙi likitan ya zo ya warware maganar da bakinsa. Aka ce an yi masa canjin wurin aiki. Wanda na tarar ya saurare ni, ya ce gaskiyata, amma shi bai ga Sahabi ba kuma layin marasa lafiya na jiransa. Na dawo na faɗa a bakin ruwa, aka ce ai wannan ba shi ne likitan ba.

Na ci gaba da ba Sahabi aiki, wanda zai yi fushi ya yi. Sai dai abin ya riga ya shiga ko'ina. In ya hura wutar kwalta sai wani ya zo da kyakkyawar niyya ya ce kawo in taya ka. In ya nufi ruwa zai wanke hannu sai mata su kama salati. Mutanen da da suke zaginsa yanzu sannu suke yi masa, da irin muryar da ake yi wa mai jinya. Wallahi zagin ya fi masa sauƙi. Ya fara zama bayan rumfa yana kaɗa jiki, kayan aikinsa a jere ba mai taɓawa.

Labari ya kai Koko, wurin wansa Alhaji Labbo mai sayar da hatsi. Ya zo da kansa. Na shirya faɗa, amma mutumin da ya zauna a kan bencina kuka ya kusa yi.

"Malam Isa, kunya ta kama ni. Shekara da shekaru ƙanena na da ciwo, na bar shi cikin wuta da ruwa, ina cewa halinai na. Inna kahin ta rasu ta ce in riƙe shi. Yanzu da na sani, in na bar shi nan mi zan ce ma Allah?"

Na ce, "Alhaji, lafiyarsa lau. Nan ne ya san kansa. Ka raba shi da nan ka raba shi da komai."

"In ya hwaɗa ruwa gobe, kai za ka amsa?"

Na ce zan amsa. Ya girgiza kai ya ce ba a amsa wannan da baki. Shi ne wansa uwa ɗaya uba ɗaya, ni kuwa abokin aiki ne. Dattawa suka goyi bayansa, har suna yaba masa zumunci. Hajo ta zo tana rantsuwa ita ba haka take nufi ba, ba wanda ya ce ta yi laifi, ba kuma wanda ya saurare ta. Aka sa Sahabi a mota, aka ce masa kwana kaɗan zai yi.

Na sha juya maganar nan a raina. Likitan bai yi ƙarya ba, ni ma da na zauna da su biyun na ga inda suka yi kama. Amma sunan ya yi faɗi, kamar taru mai ƙananan ido da ke kwaso babban kifi da 'ya'yansa gaba ɗaya. Yaron da ba ya iya neman ruwan sha da mutumin da jiragen rabin tabkin nan suka bi ta hannunsa, aka kira su da abu guda, aka yi musu doka guda. Ɗaya ya tsira da ita, ɗayan aka tashe shi daga inda yake zaune lafiya. Tun daga lokacin na sa masu liƙi da yawa, wasu ma sun iya. Amma har yau in aka tura sabon jirgi ruwa sai na ji kewar Sahabi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Bayan kainuwa ta ja baya aiki ya dawo, na shirya na tafi Koko in sake gwada sa'a. Na sami Sahabi a ƙofar shagon Alhaji Labbo, zaune a kan tabarma cikin riga mai tsabta. Ya yi ƙiba, hannunsa ya yi laushi, ba ɗigon baƙi ko ɗaya a farcensa. Alhaji ya ce ba a sa shi komai, ko tsintsiya ba a bari ya ɗauka, kuma ba ya damun kowa. Na gaishe shi ya ce lafiya. Na zauna a gefensa har rana ta karkata, ina ba shi labarin jiragen da suka zo da masu su. Sai na ga ya daina kaɗa jiki. Na sake roƙon Alhaji, na ce ko na wata ɗaya ne. Ya ce in yi haƙuri.

Da na tashi tafiya Alhaji ya rako ni tasha. Na shiga motar Yauri na zauna, kafin in gyara zama sai na ji mutum a gefena. Sahabi ne. Ya biyo mu a baya ba mu sani ba, takalmansa a hannu, ya zauna ya miƙe baya yana kallon gaba kamar wanda aka aiko. Alhaji ya lallashe shi, bai motsa ba. Ya kama hannunsa, Sahabi ya riƙe ƙarfen kujera ya fara gunaguni. Direba na ta hon, fasinja sun fara magana, yaran tasha biyu sun matso za su ciro shi da ƙarfi.

Alhaji ya zagayo ta tagata, idonsa ya yi ja. "Malam Isa, don Allah. Kar su ja shi gaban mutane. Kai ɗai yaka ji."

Na dubi yaran tashar, na dubi hannun Sahabi a kan ƙarfen. Na ce, "Sahabi, sauka."

Ya ce, "Yaya, aiki."

Na ce, "Babu aiki yau. Sauka."

Ya saki ƙarfen, ya sauka, ya sa takalmansa ɗaya bayan ɗaya. Mota ta tashi.